Amsar Lahadi ta Mista Raistrick

Allah bai raba ilimi daidai ba, wannan kowa ya sani. Wani garin ya ba shi jami'a, wani ya ba shi ɗakin karatu mai hawa uku. Mu mutanen Hebbergill, da yake ƙauyenmu gida sittin ne da tumaki dubu huɗu a ƙuryar wani kwari na Yorkshire, sai ya rage mana wahala. Ya tattara ilimin gaba ɗaya ya ɗura a cikin mutum guda, ya sa masa kwat mai ruwan ƙasa da agogon aljihu, ya ce ga naku nan. Sunansa Mista Cuthbert Raistrick. Kogin da ba ya ƙafewa, fitilar kwari, ɗan baiwar da ko atishawa ya yi sai ka ƙaru.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ta cikin gari, ta wata 'yar taga da ba ta fi faranti ba. Ta tagar nan ya san ƙasar Birtaniya kaf. Duk garin da ka ambata ya taɓa sayar wa wani tikitin zuwa can, kuma a wurinsa wanda ya sayar da tikiti da wanda ya yi tafiyar duk ɗaya ne, sai dai shi bai kashe takalminsa ba. Shi da kansa sau ɗaya ya taɓa yin nisa, makon da ya yi aure, ya kai amaryarsa Wales suka kwana biyar. Shi ya sa muke ce masa Farfesan Taga. A bayan idonsa fa. A gabansa Mista Raistrick ne, da ɗan rusunawa.

Kowace Lahadi da ƙarfe uku na yamma akwai gasar kacici-kacici a zauren taron ƙauye. Tebur takwas, mutum hurhuɗu, shayi a babbar buta, kek a kan faranti. Tambayoyi ne a kan duwatsun ƙasar nan da kogunanta, sarakunan da suka shuɗe, wasanni da al'adu. Teburin da ya ci ya tafi da gwangwanin biskit. Mai tambaya kuwa, shekara ashirin da shida, mutum ɗaya ne. Yakan hau dandamali da wata ƙararrawa da ya taho da ita daga tasha ranar da ya yi ritaya, ya ciro agogon aljihu ya duba, ko da yake ga na bango yana kallonsa, sannan ya buɗe taro.

"Jama'ar Hebbergill," yakan ce, "al'ummar da ba ta san tsawon kogunanta ba, ba ta cancanci shan ruwansu ba. Ni ban nemi wannan nauyi ba. Nauyin ne ya duba kwarin nan sama da ƙasa, ya rasa kafaɗar da za ta ɗauke shi, ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofata. Ku ɗauki alƙalumanku."

Sai mu ɗauka.

To, abin ya samo asali tun Lahadin farko. Ya tambayi dutsen da ya fi kowane tsawo a Birtaniya. Kowa ya rubuta Ben Nevis na ƙasar Scotland, don ko yaron firamare ya san wannan. Da aka zo karanta amsoshi, Farfesa ya ɗaga haɓa ya ce Snowdon ne, na Wales. Hujjarsa kuwa ba ta da ƙofar shiga. Ya hau dutsen da kansa, a cikin ɗan jirgin ƙasan da ke kai mutane ƙololuwa, kuma dutsen da sai an shimfiɗa masa dogo kafin a kai kansa, wane dutse zai fi shi? Wata malamar makaranta da muke da ita a lokacin ta yi tari, ta ce, "Ban sani ba ko..." Ya kaɗa ƙararrawa.

"Hukuncin mai tambaya shi ne na ƙarshe."

Mutum talatin da biyu suka sunkuya suna leƙen kofunansu kamar an jefa musu zobe a ciki. Wani ya ce kek ɗin yau ya yi laushi. Aka wuce tambaya ta gaba.

Nan fa ya kamata a tanƙwara icen, tun yana ɗanye. Amma sai ka san mu. Mu mutane ne da in ka taka mana ƙafa mu za mu ba ka haƙuri. In aka kawo mana abinci da sanyi a gidan cin abinci, za mu yi gunaguni ƙasa-ƙasa har mai hidima ya zo ya ce yaya abincin, mu haɗa baki mu ce madalla. A ce wa dattijo a gaban jama'a ka yi kuskure? Gara mutum ya fita titi ba wando. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma warinmu ya kai har bayan tsauni.

Da tafiya ta miƙa sai muka gane hanya. Mai son gwangwanin biskit ba gaskiya zai rubuta ba, abin da ke cikin kan Mista Raistrick zai rubuta. Kogin da ya fi tsawo a Birtaniya, a duniyar Allah Severn ne, amma ranar Lahadi Thames ne, don shi ya ratsa babban birni, kuma ba a kai ƙaramin kogi gaban majalisa. Sarki Henry na Takwas mata shida ya aura, amma ranar Lahadi takwas ne, in ba haka ba me ya sa ake ce masa na takwas? Haka kowannenmu ya ɗinka wa kansa aljihu biyu, ɗaya na amsar duniya, ɗaya na amsar Lahadi. Har gwanaye muka samu. Akwai tsohuwar da ba ta taɓa buɗe littafin tarihi ba, amma in ta dubi yadda gashin bakin Farfesa ke motsi sai ta san shekarar da zai ce an yi yaƙi. Biskit bai taɓa yankewa a gidanta ba.

Wata Lahadi ruwa ya koro wani baƙo mai yawon tsaunuka, da jaka a baya da takalma duk taɓo. Aka ba shi kujera da shayi. Da aka zo kan kogi, bawan Allahn nan ya miƙe tsaye ya ce Severn ne, har yana faɗin mil nawa. Kunya ta kama mu, amma ba don Farfesa ba, don baƙon. Mutum ya shigo garin mutane ko gaisawa bai gama ba ya hau gardama! Butar shayi dai ta zaga sau biyu ba ta tsaya a gabansa ba. A wurinmu babu hukuncin da ya fi wannan, in ba rataya ba.

Da haka za mu ci gaba har Allah ya ɗauki ran wani a cikinmu, sai ya ɗauki na wani a waje. Ƙauyuka shida ne a kwarin, kuma sau ɗaya a shekara sukan haɗu su yi babbar gasa. Tsohon da ke riƙe da kujerar mai tambaya ta kwarin duka ya rasu yana da shekara casa'in da ɗaya. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa bana za a ɗauko alƙali daga waje, kuma shugaban teburin da ya ci shi zai gaji kujerar. Shi zai riƙa yi wa ƙauyuka shida tambaya, a rubuta sunansa da ruwan zinariya a allon katako na zauren ƙauyen Kelbeck, inda ake taron.

Hebbergill ba ta taɓa aika tebur ba, don Farfesa ya ce alƙali ba ya shiga kokawa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Amma ruwan zinariya ya shiga idonsa ya hana shi sakat. Ranar Lahadi ya kaɗa ƙararrawa sau uku.

"Na daɗe ina jin kukan ƙauyukan nan biyar," ya ce. "Suna cikin duhu, mu muna barci da fitila a kunne. Wannan rowa ce, kuma ni ba a san ni da rowa ba. Zan sauko daga dandamali na yini ɗaya, in zauna a tebur kamar kowa, don in hau wanda ya fi shi."

Muka tafa. Me za mu yi?

Ya zaɓi mutum uku su zauna tare da shi: Misis Doreen Alderson mai kanti da gidan waya, Wilf Metcalfe makiyayin tumaki, da Rabaran Pickersgill na cocinmu. Su ukun nan suka haɗu a bayan kantin Doreen, tsakanin buhunan dankali, kamar masu shirin juyin mulki.

"Wani dai ya faɗa masa," in ji Doreen.

"Gaskiya ne," in ji Wilf. "Wani ya faɗa masa."

"Kai ka girme shi, Wilf."

"Da wata huɗu. Kuma ni da tumaki na saba magana, su ba sa riƙe mutum a zuci. Ke ce kullum yake zuwa wurinki sayen jarida."

"Ai shi ya sa! In na faɗa masa yau, gobe da wane ido zan miƙa masa jaridar? Sai dai in rufe kantin in koma wurin ƙanwata."

Suka juya tare suka dubi Rabaran.

"Faɗin gaskiya ai aikinka ne, Rabaran," in ji Doreen. "Don shi aka ba ka gida."

"Daga kan mumbari, Doreen. Ga jama'a a dunƙule. Ba a taɓa cewa in tsare mutum guda a falonsa ba."

Amma biyu sun fi ɗaya, dole ya tafi. Matar Farfesa, Enid, ita ta buɗe masa ƙofa. Ita kaɗai ce a ƙauyen ba ta taɓa taka zauren ranar gasa ba. In an tambaye ta takan ce kwana shida tana sauraronsa a gida, Lahadi kuwa ko Ubangiji ya huta. Ta kawo shayi ta bar su. Bayan awa biyu Rabaran ya dawo kanti da ƙunshin kabeji daga lambun Farfesa.

"Ka faɗa masa?"

"Na faɗa masa."

"Me ka ce?"

"Na ce masa ba mamaki a wasu wuraren ana kallon wasu abubuwan ta wata fuska daban."

"Shi ya ce me?"

"Ya ce shi ya sa ake bukatarsa."

Wilf ya sa hularsa ya fita duba tumaki.

Ranar Asabar ɗin gasa muka cika bas guda, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Farfesa ya zauna a gaba kusa da direba yana nuna masa hanyar da direban ya shekara ashirin yana bi. A zauren Kelbeck aka jera tebur shida a tsakiya, 'yan kallo a gefe. Alƙalin da aka ɗauko wani tsohon hedimasta ne siriri, Mista Entwistle, daga Lancashire. Da aka ambaci Lancashire sai da zaure ya ɗan yi sanyi, don tsakaninmu da mutanen hayin tsaunin can akwai 'yar tsama tun kaka da kakanni, a filin wasan kurket da wajensa. Amma an ce alƙali na waje, kuma babu wajen da ya fi can waje.

Zagayen farko na rubutu ne, tambaya ashirin, takarda ɗaya a kowane tebur, alƙalami a hannun shugaba. Tambaya ta uku sai ga dutse.

Wilf ya yi gyaran murya. "Ni dai ban yi nisa a makaranta ba, Mista Raistrick, kuma wataƙila kunnena ne, amma kamar na taɓa jin wani yana cewa Ben Nevis."

"Ka taɓa hawansa?"

"A'a."

"To ni na hau Snowdon."

"Haka ne kam," in ji Wilf.

Aka zo kan matan sarki. Doreen ta matso da kujerarta. "Kada ka kula ni, Mista Raistrick, ni da lissafi sai a hankali, amma in na ƙirga su da yatsa kamar a shida nake tsayawa."

"Kin manta biyu, Misis Alderson. Ba laifinki ba ne, hidimar kanti da yawa."

"Allah Sarki, ai kuwa," in ji Doreen.

Rabaran ya sunkuyar da kai. Idonsa a rufe, leɓɓansa na motsi, aikin da ya iya yake yi.

Al'adar gasa ita ce in an gama, kowane tebur ya miƙa takardarsa ga na kusa da shi su duba masa. Tamu ta faɗa hannun Misis Hilary Capstick, shugabar teburin Kelbeck, tsohuwar nas mai tabarau a ƙarshen hanci. Mista Entwistle yana karanta amsoshi, ita tana bi da jan biro. Muna daga gefe muna ganin hannunta. Sau shida ya yi sama, sau goma sha huɗu ya gicciye. Ta miƙo takardar da hannu biyu.

"Rubutunka yana da kyau ƙwarai, Mista Raistrick," ta ce.

Farfesa ya miƙe, fuska ta yi ja kamar gauta. Ya ce yana da gyara a kan tambaya ta uku, da ta biyar, da ta shida, da ta tara. Mista Entwistle ya saurare shi har ƙarshe cikin natsuwa, sannan ya ce, "Na gode. Hukuncin mai tambaya shi ne na ƙarshe." Farfesa ya laluba gefensa yana neman ƙararrawa. Tana Hebbergill.

Aka tafi hutun shayi. Kelbeck na da goma sha takwas, mu shida, muna can ƙasa muna tallafe da kowa. Farfesa ya tsaya a bakin taga da kofi a hannu bai kurɓa ba. Ya yafito Wilf. Muryarsa ta yi ƙasa yadda ba mu taɓa jin ta ba.

"Wilf. Dutsen nan. Tun yaushe ka sani?"

Wilf ya dubi waje ta taga.

"Ruwan nan ba zai ɗauke ba yau," ya ce.

Wani abu ya gifta a fuskar dattijon. Ya juyo ya dubi mutanen ƙauyensa, bas guda, kowa ya ba kofinsa muhimmanci. Da an bar shi minti ɗaya haka, wataƙila da ya warke, mu ma mu warke. Amma Doreen ba ta iya ganin mutum cikin wannan hali. Ta taho da faranti.

"Tambayoyin ne ba su da tsari, Mista Raistrick. Ba irin naka ba. Ga kek."

Ya karɓa. Kafin ya cinye, haɓar ta koma inda take.

"Na lura da haka, Misis Alderson. Ban dai so in kunyata baƙo ba ne."

Zagaye na biyu na baki ne. A kira mutum shi kaɗai ya miƙe ya amsa, shugaban tebur ba shi da ta cewa, kowace amsa maki uku. Nan aka ga abin mamaki. Da aka raba mutanenmu da alƙalamin Farfesa, sai suka zura hannu a ɗaya aljihun. Aka tambayi Wilf inda ake babban tseren dawakin tsallake shinge. Ranar Lahadi Ascot ne. Wilf ya dubi takalminsa ya ce, "A gafarce ni, Aintree, kusa da Liverpool." Daidai. Aka tambayi Rabaran mene ne ainihin abin da ake kira Big Ben a hasumiyar agogon Landan. Ya ce ƙararrawar ce, ba agogon ba, in Mista Raistrick bai damu ba. Daidai. Aka tambayi Doreen inda babbar gobarar Landan ta tashi. Ranar Lahadi a mashaya ne, don Farfesa ba ya shan giya kuma yana son a san illarta. Doreen ta ce gidan burodi, ta zauna da sauri kamar wadda ta fasa tulun surukarta. Daidai.

Sau biyu-biyu aka kira su, ba su faɗi ko ɗaya ba. Farfesa yana zaune ya harɗe hannu yana gyaɗa kai, har ya waiwayo ya ce wa na bayansa, "Tarbiyyata ce." Aka tashi daga zagayen muna da ashirin da huɗu, Kelbeck talatin. Kujera ta dawo inda hannu zai kai. Mu da muka zo da shirin jin kunya muka fara gyara zama.

Saura tambaya ɗaya, ta ƙarshe, kuma tana da nata tsarin. Alƙali zai faɗi fannin da ta fito. Kowane shugaba ya faɗi maki nawa zai sa a kai daga cikin nasa. In teburinsa ya ci a ƙara masa kwatankwacinsu, in ya faɗi a ƙwace. Mista Entwistle ya gyara tabarau.

"Fanni: Yaƙin Furannin Wardi."

Kai! Sai da bencinmu ya motsa. Wannan ai yaƙinmu ne. Gidan sarautar York mai farin fure da gidan Lancaster mai jan fure, na mutanen Lancashire, shekara talatin suna kashe juna a kan gadon mulki, shekaru ɗari biyar da suka wuce. Farin furen nan yana jikin tutarmu, yana jikin rigar 'yan kurket ɗinmu, yana jikin tawul ɗin goge kwanukan kowace mace a Hebbergill.

Misis Capstick ta sa biyu. Wani ya sa uku, wani ɗaya. Farfesa ya miƙe a hankali, ya saka babban yatsa a aljihun 'yar shararsa.

"Ranka ya daɗe alƙali, jama'ar kwari. Akwai masu auna ilimi da cokali. Ni da buhu na saba. Ɗan Yorkshire da zai yi ciniki a kan tarihin kakanninsa, a binciki uwarsa daga ina aka auro ta. Hebbergill ta sa ashirin da huɗu. Duka."

Muka tashi tsaye muna tafi, mu da ko a ɗaurin aure ba ma ɗaga murya. Wilf har da buga tebur.

"A yaƙin Bosworth na shekarar 1485," in ji Mista Entwistle, "wanda ya raba gardamar, wane gida ne ya yi nasara? Ku rubuta a allo ku ɗaga."

A teburinmu babu wanda ya yi gyaran murya. Babu kada ka kula ni, babu wataƙila kunnena ne. Karo na farko a yinin nan kawuna huɗu suka zama ɗaya. Doreen ce ma ta ce ya rubuta da manyan baƙaƙe. Farfesa ya ɗaga allo sama da kansa ya juya shi kowa ya gani: YORK.

Sauran alluna biyar suka tashi a sanyaye, kamar masu su na neman gafara. Lancaster. Lancaster. Lancaster, har biyar.

Ka ga, duk sauran amsoshin Lahadi mun ajiye na gaskiyarsu a ɗaya aljihun, don ba su yi mana daɗi ba, haƙuri kawai muke yi da su. Wannan kuwa tun ranar da Farfesa ya fara faɗinta ta kwanta mana a rai. Ba wanda ya ga dalilin ɗaukar kaya biyu. Shekara ashirin da shida muna rubuta York muna cin biskit, har ta gaskiyar ta zube a hanya ba mu ji faɗuwarta ba. Rabaran da ya yi jami'a, wanda tabbas ya taɓa sani, yana zaune baki buɗe kamar an ce masa an soke Kirsimeti.

Mista Entwistle mutum ne mai ladabi, bai yi dariya ba. Ya dai karanta amsar sau biyu, a hankali, wai ko na baya ba su ji ba.

"Lancaster. Sarkin gidan York a filin ya mutu. Lancaster." Ya ɗan dakata. "Hebbergill, sifiri."

Misis Capstick ta hau kujerar mai tambaya, aka yi mata tafi, ta ce ita sa'a ce kawai ta yi. Sannan aka zo kan ɗaya al'adar, wadda ba a tsallakewa. Teburin da ya zo na ƙarshe ana ba shugabansa cokalin katako, babba, da jan ƙyalle ɗaure a wuyansa. Jan ƙyalle fa. Mista Entwistle ya miƙa shi da hannu biyu. Farfesa ya karɓa kamar sandar girma, ya buɗe baki zai yi jawabi, sai masu kwashe kujeru suka fara aikinsu.

A bas ba wanda ya ambaci dutse, ko kogi, ko fure. Muka tattauna ruwan sama tun daga Kelbeck har gadar ƙauye, aka yarda cewa na bara bai kai wannan ba. Da za a sauka, Farfesa ya tsaya a bakin ƙofa da cokalinsa a hammata.

"Zan rubuta wa kwamiti," ya ce. "A kawo ɗan Lancashire ya yi hukunci a kan yaƙin da gidansu ke ciki! Ko a kotu ba a yin haka."

"Gaskiya ne, Mista Raistrick," muka ce.

"Gobe ƙarfe uku. Kada a makara."

"Ba za mu makara ba," muka ce. Kuma har ga Allah ba mu da niyyar makara.

Ya taka zuwa gida cikin yayyafi, kafaɗa a miƙe. Enid tana kicin, miyar nama da dankali na tafasa a wuta. Ya tsaya a ƙofa ya fara bayani tun daga kan rashin tsarin tambayoyi. Ba ta waiwayo ba sai da ya kai Bosworth. Ta dubi fuskarsa, ta dubi abin da ke hammatarsa. Ta zare shi, ta kwance jan ƙyallen, ta ɗauraye shi a famfo, ta gwada nauyinsa a hannu.

"Shekara ashirin da shida kana fita da ilimin nan, Cuthbert," ta ce. "Yau ne ka fara dawowa da abin amfani."

Ta tsoma shi a tukunya.